Tabawa Ta Je Ganin Ɗan Fari

Duk wanda ya tambayi Tabawa abin da zai raba ta da Kwaya bayan an gama yankan gero, sai ta ce barka za ta je, matar wancan ce ta haihu a Abijan. Haka take faɗa, wancan, tana ɗan kawar da kai gefe. Mutanen gari sun san wa take nufi. Abdulmajid ne, ɗanta na fari, wanda tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta sunan ba. To amma barka? Haba! Ai ba yau matar tasa Zulfa ta fara haihuwa a can ba, kuma a baya ko motsi Tabawa ba ta yi ba, man shanu da kanwa ta ba da aka kai. Matar da ko kasuwar Sassumbrum sai an kai ruwa rana take zuwa, ita ce yau za ta keta ƙasashe saboda jariri? Mata suka yi ta taɓe baki a bakin rijiya, ita kuwa ta ci gaba da ɗaure kayanta.

Gaskiyar magana, idonta ne ke tafiya. Da damina ta fara lura. Tana tatsar saniya, tana ganin ƙwaryar sarai, amma maraƙin da ke tsaye dab da kafaɗarta ba ta gan shi ba sai da ya bangaje ta. Autarta Ɗela ta tsaya kai da fata sai da aka kai ta Damagaram wajen lokotoron ido. Ya haska, ya duba, ya sake haskawa, sannan ya ce wannan ba yana ba ce da za a kankare a huta. Ciwo ne mai cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya, abin da ya ci kuma ba ya amayarwa. Ya rubuta mata maganin ɗigawa, ya ce zai rage wa ciwon sauri, iyakarsa ke nan. Tabawa ta yi godiya, ta ce Allah ya sa kaffara ce. A mota kan hanyar gida ta shiga tuno abubuwan da idon nan ya gani ya ƙoshi: fuskar marigayi mijinta, shanunsu kowace da launinta, ƴaƴanta ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Tana isowa kan babban ta tsaya cak. Ta lalubi fuskarsa a ranta, ta rasa.

A danginsu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tana ƙaramar yarinya ta haife shi, ta shayar da shi a bayan ɗaki inda ba mai gani, kanta a juye. Ana yaye shi uwar mijinta ta ɗauke abinta, ita ta zama Inna. Tabawa kuwa ya tashi yana ce mata Adda, yadda ya ji ƙannenta suna kiran ta. In ya shigo tsakar gida, sai ta tuna ta bar wani abu a kan wuta. In zai gaishe ta ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon danga. Ta san ƙeyarsa. Ta san tarinsa. Muryarsa kam ko daga bayan garke ya yi wa saniya tsawa ta san shi ne. Ya girma, ya yi kiwo, ya tafi ci-rani, ci-rani ya rikiɗe ya zama zama, ya zo ya auri Zulfa ƴar ƙanenta ya tafi da ita. Duk wannan an yi shi ba ta taɓa tsayawa ta dube shi ido cikin ido ba. Kuma kada a ce tilasta mata aka yi. Da jin kanta take yi, don an sha yabon ta a gari ana cewa mai son ganin kunya ya je wajen Tabawa.

Yanzu ga yabo a hannu, ga duhu yana matsowa. Abu ɗaya take so a duniya: ta kalli yaron nan, kallo na ƙoshi, tun tana da abin kallon. Ba ta faɗa wa kowa ba. Wa ma za ta faɗa wa, da wane baki?

Sidi maƙwabcinsu, mai zuwa saro goro, shi ya yi mata jagora. Kabu-kabu ya kai su Magariya, daga nan suka yi ta sauya mota har ta daina tambayar sunan garuruwa. Ƙafafunta suka kumbura, man shanun da ta riƙo ya narke ya daskare ya sake narkewa. Da suka shiga Abijan ta ce a ranta shi ke nan, an kawo ta inda hankali ke barin mutum. Motoci, hayaƙi, ihu, kowa na gudu ba a ga mai korar sa ba. Ta damƙe gefen rigar Sidi ba kunya ba tsoron Allah.

Sai ga shi unguwar su Abdulmajid daban take. Tana can ƙarshen gari, inda ƙasa ta ƙare ruwa ya karɓa. Mota na shiga layinsu hayaniya ta yanke kamar an rufe tukunya. Itatuwan kwakwa ne dogaye marasa inuwar kirki, da mangwaro masu inuwar gaske, ƙarƙashinsu tsofaffi suna buga wata irin dara ta ramuka, ba mai ɗaga murya. Karnuka kwance a tsakiyar hanya, mai moto ne ke kauce musu. Mata na banda kifi, hayaƙin na tashi a hankali shi ma kamar ba inda za shi. Can ƙarshen layin ga tashar jirgin ruwa, wanda ƴan garin ke ce wa bato: wata gada ce ta ƙarfe da ta taka cikin ruwa ta tsaya, da rumfa a bakinta. In bato ya yi oda daga nesa, mutane su miƙe, su kakkaɓe riga, su taka zuwa rumfar. In ya tafi, unguwa ta koma gyangyaɗinta.

Zulfa ta tarye ta da gudu, jaririya a kafaɗa, tana ta “Gwaggo oyoyo! Gwaggo, wallahi ke ce?” Da yake ƴar ƙanenta ce, ba wata surukuta tsakaninsu, a cinyar Tabawa ta yi wayo.

Bayan ta sha ruwa ta huta, Tabawa ta leƙa ta taga ta ce, “Ke, mutanen nan ba su da gona ne? Rana tsaka kowa zaune.”

“Ga gonarsu can,” in ji Zulfa tana nuna ruwa da haɓa. “Da asuba suke zuwa, kafin hantsi sun dawo. Wannan ma reshe ne, Gwaggo, uwar tekun tana can bayan wancan tsibiri.”

“Shanu na sha?”

“Gishiri ne.”

Tabawa ta jima tana kallon ruwan, sannan ta ce, “Allah mai iko. Ka tara shi a nan inda ba saniya.”

A cikin baton nan Abdulmajid ke aiki. Shi ke jefa igiya ya ɗaure in an iso tasha, ya kwance in za a tashi. Da la'asar sakaliya ya dawo. Duk tsawon hanya Tabawa ta shirya wa wannan lokaci. Ta ce yana sallama za ta ɗaga kai kawai, mene ne a ciki, ai ba zunubi ba ne. Ta ji tarinsa daga bakin ƙofa. Wallahi kafin ya gama tuɓe takalmi wuyanta ya juya da kansa ya fuskanci bango. Shi kuma ya durƙusa a waje, bayan labule, inda ko ƙafarsa ba a gani sosai.

“Adda, an zo lafiya? Ya gajiyar hanya?”

“Lafiya lau.”

“Ya mutanen gida? Ya dabbobi?”

Tabawa ta dubi Zulfa ta ce, “Ki ce masa duk suna gaishe shi.”

Zulfa ta ɗaga murya tana dariya, “To ka ji, wai duk suna gaishe ka.” Ya ce yana amsawa, ya ƙara jan gaisuwa, ya tashi. Sai daga baya Zulfa ta gaya mata ai tun jiya ya kwashe tabarmarsa ya koma ɗakin abokin aikinsa, don Adda ta sake a gidan ba tare da ta yi ta cin karo da shi ba. Kun ji fa! Mace ta keto duniya don ta gan shi, shi kuma don ladabi ya bar mata gida. Tabawa ta ce ya kyauta, Allah ya yi albarka. Cikinta kuwa kamar ta ɗora hannu a ka.

Haka kwanaki suka yi ta wucewa. Ya zo gaisuwa bayan sallar asuba, gari bai waye ba, idonta kuma ba ya aiki sai da haske. Ya zo da yamma, labule tsakani. Ta dama fura da geron Kwaya ta ba Zulfa ta aika, ƙwarya ta dawo wankakkiya, ta yi ta juya ta a hannu tana jin daɗi. Ranar nan Zulfa ta zauna kusa da ita da salula tana nuna mata hotunan suna, ta ce, “Ga baban jaririya nan ma, ya sha babbar riga.” Kafin ta rufe baki hannun Tabawa ya ture wayar.

“Kawar min, haskenta na kashe min ido.”

Zulfa ta kawar. Tabawa ta wuni tana tsine wa hannun nan a zuci.

Unguwar kuwa ta karɓe ta ba tare da ta nema ba. Wata tsohuwa mai banda kifi kusa da tasha, ba ta jin Hausa ko ta sayen gishiri, ta riƙa ajiye mata kujera ƴar tsugunno ƙarƙashin mangwaro. Su zauna, wannan ta yi yarenta, waccan ta yi nata, su yi dariya tare. Ta koya wa Tabawa cin garin rogon nan nasu mai tsami da soyayyen kifi, Tabawa ta ce ba laifi amma ba ya riƙe ciki. Daga nan take hango bato in ya iso. Zulfa ta taɓa nuna mata, “Ga shi can a gaba, mai igiya.” Ita dai abin da ta gani ɗigo ne mai ruwan goro yana motsi, don duk ma'aikatan riga iri ɗaya suke sawa a sama, da hula iri ɗaya.

Sai Sidi ya zo ya ce goro ya haɗu, jibi za su kama hanya. A ranar ce kuma ta zo hawa dakalin ƙofa, wanda take hawa kullum, ta neme shi ta rasa sai da ɗan yatsanta ya gaya mata inda yake. Ta zauna tana murza ƙafa. Ta sani sarai, in ta koma Kwaya haka, ta koma ke nan.

A nan dabara ta zo mata. Mutum yana aiki ai ba zai sunkuyar da kai ba. Cikin bato kuma ba ɗan Kwaya ko ɗaya, ba wanda zai koma gida ya ce ya ga Tabawa ta ƙura wa ɗan fari ido. Washegari da hantsi ta ce wa Zulfa za ta wajen ƙawarta mai kifi. Ta ja mayafi har goshi, ta wuce mangwaron ba ta tsaya ba. Wannan mata fa ko gulbin damina ya kawo iya gwiwa sai ta kewaya. Ta miƙa wa mai tike abin da ke ƙulle a bakin zanenta, matar ta ɗauki nata ta mayar mata da saura, ta bi ayarin mutane kan gadar ƙarfe tana karanto duk addu'ar da ta sani. Ruwan a kwance yake ranar, ta shiga ba wanda ya lura da ita. Ta sami benci can gaba ta zauna, ta riƙe ƙarfe da hannu biyu.

Ga shi nan. Taku kaɗan tsakaninsu, rana ta haske shi tas. Dogo, kafaɗa mai faɗi, ƙeyar nan da ta sani. Ya kwance igiya ya naɗe ta a hannu, bato ya ja baya, ƙasa ta fara nisa. Sai ya juyo ya jingina da ƙofa yana kallon fasinja.

Tabawa ta manta da ruwa. Ganinta yanzu ya tsuke, kamar mai leƙe ta bakin tulu, sai ta riƙa bin fuskar kaɗan-kaɗan. Ga goshi. Ai kuwa goshin babansa ne sak. Ga hanci, wannan na wajensu ne, irin na kawunta. Ga ƴar wushirya in ya yi wa wani dariya. Ikon Allah, ashe wushirya gare shi, ba wanda ya taɓa gaya mata. Hawaye suka zubo ta bar su, don in ta sa hannu ta share za ta yi asarar kallo. Aka isa wancan ƙetare, mutane suka fita, wasu suka shigo, ita ko gezau. Bato ya juyo. Ta ci gaba daga inda ta tsaya, tana sa masa albarka a zuci, tana ce masa abubuwan da ba ta taɓa ce wa kowa ba.

Sun kusa tasha ya tako ya rusuna gabanta. Ya fara da Faransanci, sai ya dubi zanenta da ɗaurin kallabinta ya juya harshe.

“Iya, sannu. Na ga ba ki sauka ba. Ko ɓatan hanya kika yi?”

Wannan murya Tabawa ba ta taɓa jin ta ba a duniya.

“Kai wane ne?” ta ce da ƙyar.

“Rabe sunana, mutumin Mallawa ne ni. Tun ɗazu nake ganin kina kallona, na ce ko kin san iyayena ne.” Ya ƙara duban ta, sai ya washe baki. “Af! Ko ke ce mahaifiyar Majid? Ke ce mai furar nan? Ai a ɗakina yake kwana. Yau mun yi musanya, yana igiyar baya. Bari in kira shi.”

“Kul!” Ta cafke masa hannu. “Don girman Allah kada ka kira shi. Kada ka ce ka gan ni.”

Bato ya daki tayoyin da ke jikin gada, Rabe ya ruga ya jefa igiya. Tabawa ta fita cikin mutane, mayafi a fuska. Tsohuwa mai kifi ta ɗaga mata hannu tana nuna kujera, ba ta ko gan ta ba.

Ta shiga ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Aka kawo abincin rana ta ce ta ƙoshi. Zulfa ta fita, ta jima, ta dawo ta zauna a bakin katifa. Rabe dai bai kira Abdulmajid ba, ya cika wannan, amma ya biyo ta gidan a hutunsa ya tambayi Zulfa ko Iya lafiya take.

“Gwaggo, wa kika je nema cikin bato?”

Tabawa ta ja mayafi ta rufe kanta.

“Na kira Ɗela yanzu. Ta gaya min abin da lokotoro ya ce. Kwalbar nan da kike ɓoyewa cikin kallabi kika ce min kwalli ne. Haba Gwaggo! Ni ce fa.”

Da Tabawa ta yi magana, bango ta yi wa.

“Na zauna na raba wa ɗan mutane goshin mijina da hancin kawuna. Na yi masa kuka, na sa masa albarka, zuwa da dawowa. Nawa yana bayana ban sani ba. Wace irin uwa ce ba ta san fuskar abin da ta haifa ba?”

Dariya ta kuɓuce wa Zulfa, don abin da ban dariya, wushiryar Rabe ce fa aka yi wa kuka. Dariyar ba ta kai ko'ina ba ta koma hawaye. Ta kwantar da kai a kafaɗar gwaggonta ta ce, “Yau in ya zo zan ɗage labulen nan, in ce ya shigo ya zauna.”

“Ki kashe ni ke nan. Shi ma ki kashe shi. Ya shigo ya zauna ya yi yaya, ni in yi yaya? Bar shi, Zulfa. Allah bai nufa ba. Na ji muryarsa, ya sha furata, ya isa.”

Bai isa ba, su duka biyun sun sani. Da yamma ya zo ya durƙusa bayan labule kamar kullum, ya yi mata Allah ya kiyaye hanya, ta amsa. Zulfa ta bi shi waje wai za ta karɓi cefane. Cefanen ya daɗe ƙwarai.

Da safe Sidi ya aiko cewa su same shi a tashar mota, kuma ta ruwa ya fi kusa. Zulfa ta goya jaririya ta ɗauki jaka, Tabawa na biye. Tsohuwa mai kifi ta tare su da ƙunshin bandar kifi, ta rungume Tabawa ta yi ta zuba yarenta, Tabawa na cewa amin, amin. An yi iska da asuba, ruwan ya tashi. Bato ya iso yana hawa yana sauka, tsakaninsa da gada wani wawakeken rami na buɗewa yana rufewa. Dole sai an kama hannun tsofaffi da masu goyo an tsallakar da su.

Rabe ne a bakin ƙofa yana wannan aiki. Yana hango su ya saki wurin ya yi baya abinsa, wani ya matso ya tsaya a madadinsa. Layi ya yi ta tafiya har ya zo kan Tabawa. Mutumin ya cire hularsa ya soke ta a aljihu, ya miƙo hannu.

“Adda, kawo hannunki.”

Muryar ce. Wuyanta ya fara halinsa, ya soma juyawa. Ta nemi Zulfa da ido, ta same ta ta ba su baya tana jijjiga goyo, wai ita kallon kwalekwale take. Nan Tabawa ta gane an gama da ita tun jiya wajen cefane. Ta miƙa hannu. Tafinsa kaushi gare shi, igiya ta cinye shi. Ta tsallaka, ƙafafunta biyu suka sauka cikin bato. Ya kamata ta saki ta wuce. Ba ta saki ba.

Ta ɗaga kai. Shi ma bai sunkuyar ba. Ana gani an san da ƙyar yake riƙe da wuyan nan, gumi na bin gefen kunnensa, idanunsa na son faɗuwa ƙasa yana maido su. Rana ta fito sosai, tana kan fuskarsa.

Bayanta layi ya tsaya. Da a cikin gari ne da tuni an zage su tas. A nan kuwa wani mai kwandon kifi ya sauke kwandonsa ya jingina da ƙarfe. Direba ya danna oda sau ɗaya, Rabe ya ɗaga masa hannu ya faɗi wata magana da Faransanci, bai sake dannawa ba.

Ta fara daga sama, a hankali, ta ƴar kafar da ta rage mata. Bai yi kama da babansa ba ko kaɗan. Bai yi kama da kawunta ba. Goshinsa da layi-layi, rana ta dafa shi. Akwai tsohon tabo a girarsa ta hagu, ba ta san ranar da ya ji ciwon ba, ba ta san wanda ya wanke masa ba. Idanun manya ne, sun yi ja, sun cika taf. Ta sauko kan kumatu, ta sauko kan gemu. A nan ta daɗe. Ita fa yaro ta zo gani.

“Ashe har ka yi furfura,” ta ce.

Tunda ta haife shi ba ta taɓa ce masa “ka” ba sai yau.

“Na yi, Adda.”

“Tun yaushe?”

“An jima.”

Bato ya ɗaga ya sauka. Ya ɗan motsa don ya gyara mata tsayuwa, ta ƙara damƙe hannun da nata duka biyu.

“Tsaya,” ta ce. “Kada ka motsa. Ban gama ba.”